Sati Uku a Chadi: Kafin Ki Miƙa Masa Kuɗin Adashinki

 

Daren Lahadin da ta wuce wani saƙo ya shigo wayata daga wata mai bin wannan fili, mazauniyar Kaduna. Ta roƙe ni in ɓoye sunanta, na kuma ɓoye. Kirista ce, maigidanta ya rasu shekara shida ke nan, da sayar da atamfa take riƙe da 'ya'ya huɗu. Ɗanta na fari, wanda ko a cikin saƙon ba ta iya kiran sunansa ba sai dai "babban yaron", ya gama makarantar tauhidi bara. Yanzu shi da wasu mutum biyar daga ikilisiyarsu suna shirin tafiya kudancin Chadi, wajen Mundu, a watan Agusta. Za su yi sati uku suna koyar da fastocin ƙauye, sannan su dawo. An ce kowa ya kawo Naira dubu 700. Shi ya tara dubu 300. Ita kuma kwasar adashinta ta faɗo a Yuli, dubu 400 cif, kuma tun farkon zubi ta ƙudurta cewa kuɗin makarantar ƙanwarsa ne na watan Satumba.

Ga yadda ta rufe saƙon: "Anti, idan na hana shi, ina tsoron na tare aikin Allah. Idan na ba shi, ban san abin da zan gaya wa yarinyar nan a Satumba ba."

Na san da yawa daga cikinku Musulmi ne, wata ma za ta ce wannan ba ruwanta. Ki ɗan tsaya, 'yar'uwa. Yau ɗan maƙwabciyarki ne zai tafi koyar da fastoci, gobe naki ne zai zo da takardar wata tafiyar da'awa ko aikin agaji na kwana goma, yana kallon ɗan abin da kika ɗaure a bakin zani. Tambayoyin da za ki yi masa kusan ɗaya ne.

Buƙatar gaskiya ce

Bari in fara da abin da ke gefen yaron, don kada a ce na zo da niyyar kashe masa gwiwa. A Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, majami'u suna ƙaruwa da saurin da makarantun horar da fastoci ba sa iya bi. Wata cibiyar bincike da ke makarantar tauhidi ta Gordon-Conwell a Amurka ta ƙiyasta cewa fastoci da limaman coci a duniya sun kai kusan miliyan 5, kuma kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai ke da digirin tauhidi. Ki kwatanta faston ƙauye a ranki. Manomi ne, wataƙila firamare ya gama, yana da mata da 'ya'ya shida, littafinsa ɗaya ne tak. Shi ke wa'azi ranar Lahadi, shi ke ɗaura aure, shi ke jana'iza, shi ake tasa da tsakar dare idan miji da mata sun kaure. Irin wannan mutum ba zai iya barin gona da iyali ya tafi birni ya zauna a aji shekara huɗu ba.

Daga nan ne dabarar gajeriyar tafiya ta samo ƙarfi: tunda shi ba zai iya zuwa wurin malami ba, malami ya je wurinsa na ɗan lokaci. Amurkawa ne suka fi kowa yin wannan. Wani masanin zamantakewa a Jami'ar Princeton, Robert Wuthnow, ya ƙiyasta cewa 'yan coci kusan miliyan 1.6 ke fita daga Amurka duk shekara a irin waɗannan tafiye-tafiye, yawanci na sati ɗaya zuwa biyu. Wasu gini suke zuwa yi, wasu duba marasa lafiya, wasu koyarwa. Yanzu ikilisiyoyin Najeriya ma sun shiga sahu, mu da ake zuwa wurinmu a da, mu ne ke fita. Tunda wasu sun riga mu a wannan hanya, ya kamata mu ga inda suka yi tuntuɓe.

Gida ɗaya ko gida goma sha biyar

A ƙarshen Oktoban 1998 wata mahaukaciyar guguwa da aka sa wa suna Mitch ta afka wa ƙasar Honduras a Amurka ta Tsakiya. Dubban mutane suka mutu, gidaje ba adadi suka rushe. Coci-coci a Amurka da Kanada suka riƙa turo ayari-ayari na mutane, su yi sati ɗaya ko biyu suna gina wa waɗanda abin ya shafa gidaje. Bayan 'yan shekaru wani malamin jami'a mai suna Kurt Ver Beek, wanda ya daɗe yana zaune a Honduras, ya bi sawun aikin. Ya tarar cewa idan aka haɗa kuɗin jirgi da masauki da abinci, ayarin baƙi na kashe kusan dala 30,000 kafin su gina gida ɗaya. Ƙungiyoyin Kirista na ƙasar kuwa suna gina irinsa da kusan dala 2,000. Ki yi lissafin da kanki: kuɗin gida ɗaya na baƙi zai yi goma sha biyar a hannun 'yan ƙasa.

Da ya zauna da iyalan, bai ga wani bambanci mai ɗorewa ba tsakanin waɗanda baƙi suka gina wa da waɗanda 'yan ƙasa suka gina wa. Mutanen sun ji daɗin zuwan baƙin, sun yaba da zumuncin, amma bayan jirgi ya tashi yawancinsu ba su sake jin ɗuriyar kowa ba. Su kansu matafiyan, waɗanda suka koma gida suna cewa rayuwarsu ta canza, da aka duba abin da suke bayarwa don aikin mishan daga baya, ƙarin kaɗan ne.

Za ki ce ai wannan gini ne, yaronmu koyarwa zai je yi. Haka ne. Amma gida aƙalla yana nan tsaye bayan baƙo ya tafi. Karatun sati uku, idan babu mai bibiya, ko kaka ba ya kaiwa.

Abin da aka gano a Gwatamala

Maƙwabciyar Honduras ita ce Gwatamala, kuma a can ne aka samo wata amsa da har yau ake amfani da ita. Cocin Presbyterian na ƙasar na da makarantar horar da fastoci a babban birni. Shekara da shekaru ana yaye ɗalibai, amma da aka zauna aka ƙirga, kaɗan ƙwarai ne ke riƙe da ikilisiyoyin karkara. Saurayin da ya saba da birni ba ya son komawa ƙauye. Waɗanda ke jagorantar jama'a da gaske a ƙauyukan kuwa magidanta ne, manoma da masu ƙananan sana'o'i, ba su taɓa taka ƙofar makarantar ba. Aka ɗauke makarantar aka mai da ita wani gari mai suna San Felipe, kusa da karkara. Duk da haka ba su zo ba, domin gona da iyali ba su bar su ba.

A 1963 malaman makarantar, ciki har da James Emery da Ralph Winter, suka juya abin. Suka rubuta littattafan da mutum zai iya karantawa shi kaɗai a gida, darasi kaɗan kowace rana tare da tambayoyi. Malami ya riƙa zagayawa yana haɗuwa da ɗalibai rukuni-rukuni a kai a kai a kusa da garuruwansu. Abin da ɗalibi ya koya a sati, ya gwada shi a ikilisiyarsa ranar Lahadi, ya dawo ya faɗi yadda ta kaya. Cikin 'yan shekaru ɗaliban suka ninka sau da yawa. Tsarin, wanda aka fi sani da TEE, ya bazu zuwa wasu ƙasashe, ya iso Afirka, kuma akwai ikilisiyoyi a Najeriya da ke aiki da shi.

Ni idan na dubi wannan tsari, murhu nake gani. Dutse ɗaya littafin da ke hannun ɗalibi, na biyu malamin da ke dawowa, na uku aikin da ɗalibin ke yi a cikin jama'arsa. Cire ɗaya, tukunya ta kife. Yawancin gajerun tafiye-tafiye dutse ɗaya suke kawowa, shi ma su koma da abinsu.

Ba duka ba ne, a yi adalci. Akwai shirin horar da masu wa'azi na ƙungiyar Langham, wadda marigayi John Stott na Ingila ya assasa. Su ma taron 'yan kwanaki suke yi, amma mataki-mataki ne cikin shekaru, da mutanen da aka fara da su. Tsakanin taro da taro fastocin na haɗuwa a ƙananan ƙungiyoyi suna sauraron wa'azin juna suna gyara wa juna. Burin shi ne 'yan ƙasa su karɓi koyarwar, baƙo ya zama ba a buƙatarsa. Ashe gajartar tafiya ba ita ce matsalar ba. Abin dubawa shi ne me ke gabanta, me ke bayanta.

Mu ma an taɓa zuwa wurinmu

Ki tuna yadda aikin mishan ya shigo ƙasar nan. A Disambar 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shiga arewa. Kafin shekara ta zagayo biyu sun mutu, Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Sai a 1902 ƙungiyarsu ta kafa tasharta ta farko a Patigi, kuma daga wannan aiki ne ECWA ta fito a 1954. Likita Walter Miller kuwa, kafin ya taka ƙasar Hausa, sai da ya je Tarabulus ya zauna yana koyon Hausa. Ya shigo a 1900, ya zauna a Zariya daga 1905, amma cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya yi wa aiki tare da wasu, bai fito ba sai 1932. Ko mene ne ra'ayinki game da waɗannan mutane, abu ɗaya a fili yake: shekara talatin suka ba abin da yau ake so a yi a sati uku.

Ita kanta mai saƙon ta san labarin Bulus Manzo fiye da ni. A Tasalonika ɗan lokaci ya yi, littafin Ayyukan Manzanni ya ambaci Asabar uku, sannan tashin hankali ya sa ya bar garin da dare. Amma ya tura Timoti ya koma ya duba su, ya kuma rubuta musu wasiƙu. A Koranti ya yi shekara ɗaya da rabi, a Afisa shekara uku. Ko inda ya yi gajeren zama, bai yanke igiyar ba.

Tambayoyi shida kafin ki kwance bakin zani

Ga abin da na ce ta tambayi yaron, a natse, bayan ya ci abinci.

Ta farko: wa ya kira ku? Shugabannin ikilisiyar can ne suka rubuto suka ce ga abin da muke so a koya mana, ko ku ne kuka zauna a Kaduna kuka yanke abin da suke buƙata? Da ɗan gari akan ci gari. Idan babu wani ɗan ƙasa mai suna da lambar waya da ke jiran su, tafiyar ba ta nuna ba tukuna.

Ta biyu: da wane harshe za ku koyar? Harsunan gwamnati a Chadi Faransanci ne da Larabci, mutanen Mundu kuma yawanci Ngambay suke yi. Yaron Turanci da Hausa yake ji. A ce za su koyar kwana goma, awa shida kullum, awa 60 ke nan. Da tafinta ɗaya, rabin lokacin ya tafi, saura awa 30. Idan sai an juya daga Turanci zuwa Faransanci, sannan zuwa Ngambay, saura awa 20. Takardun da za su raba fa, da wane harshe aka buga su? Takardar Turanci a hannun wanda ba ya jin Turanci, ƙarshenta ƙunshin ƙosai.

Ta uku: me ya sa Agusta? Na san amsar, lokacin ne matafiyan ke da hutu. Amma Agusta tsakiyar damina ce a kudancin Chadi, kuma fastocin da za a tara manoma ne. Duk wanda ya bar gonarsa sati biyu a wannan lokaci, ciyawa ce za ta ci rabonsa, matarsa da yaransa ne za su duƙa a madadinsa. Ga hanyoyin ƙauye da ruwa ke ɓatawa. Hutun wa aka duba da aka sa ranar?

Ta huɗu: wa zai ci gaba idan kun dawo? Akwai zuwa na biyu da na uku a rubuce, da kwanan wata? Su waɗannan mutanen ne za su koma, ko badi wasu sabbin fuskoki ne za su je su sake farawa daga darasi na ɗaya? Akwai fastoci biyu ko uku na can da za a ba ƙarin horo don su riƙe ajin? Baƙo raɓa ne, rana na fitowa ya bushe.

Ta biyar, wadda maza ba sa tunawa: wa zai dafa muku? Ke da kika taɓa saukar baƙi shida kin san abin da nake nufi. Matar faston da za a sauka a gidansa ce za ta ɗebo ruwa, ta nemo itace, ta yanka kajin da take tattali don ranar rashin lafiya, kuma kunya ba za ta bar ta ta ce a biya ba. An sa kuɗin cefanenta a lissafi? Sannan ita da sauran matan fastoci, suna da kujera a ajin? A kowace ikilisiya, mace mai matsalar aure ko ta ciki ba fasto take fara nema ba, matarsa take nema. Ita ke riƙe da Zumuntar Mata, ita ke kwana da mai naƙuda. Horon da ya bar ta a bakin murhu ya bar rabin aikin a waje.

Ta shida: ina lissafin kuɗin? Mutum shida, kowa dubu 700, Naira miliyan 4 da dubu 200 ke nan. Nawa ne na mota ko jirgi da masauki, nawa ne zai tsaya a can a matsayin littattafai da kuɗin motar fastocin? Shin mutum biyu ba za su iya koyar da abin da shida za su koyar ba, a sayi littattafai da ragowar? A nan kuma ki tambayi fasfo, da takardun shiga tunda Chadi ba ta cikin ECOWAS, da katin rigakafin cutar shawara, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da hanyar da za su bi da halin tsaronta, da wanda za ki kira idan wayarsa ta daina shiga.

Na ƙara mata da wata magana da ba tambaya ba ce. Yaron bai kai shekara talatin ba, bai taɓa riƙe ikilisiya ba. Cikin waɗanda za su zauna a gabansa akwai wanda ya binne mutane fiye da yawan shekarun yaron, akwai wanda ya sasanta rigimar gona da ta kusa jawo jini. Yana da ilimin littafi da su ba su samu ba, wannan gaskiya ne, kuma suna son sa. Amma idan ya je da bakinsa kawai ya bar kunnensa a gida, zai dawo da hotuna a waya ba tare da ya ƙaru da komai ba. Uwa ce kaɗai za ta iya gaya masa wannan ya ji.

Amsar da na ba ta

Na ce mata kada ta taɓa kuɗin makarantar yarinyar. Marainiya ce, kuma an riga an yi mata alkawari. Hana wannan kuɗi ba tare aikin Allah ba ne. Idan ikilisiya ce ke aika su, ikilisiya ce ya kamata ta ɗauki nauyin: a sanar ranar Lahadi, a yi baiko na musamman, dattawa su san da maganar, kowa ya sa hannu. Aikin da jama'a suka zuba kuɗinsu a ciki, za su tambayi yadda ya ƙare, wannan tambayar kuma ita ke sa a koma karo na biyu. Bai kamata nauyin ya faɗo kan adashin mace ɗaya mai marayu ba. Idan amsoshin yaron sun gamsar da ita, ta ba shi abin da ba zai hana ta barci ba, ta haɗa masa da ƙuli-ƙuli da garin kunu, ta sa masa albarka.

Jiya ta sake rubuto mini. Ta ce ranar da ta yi masa tambayoyin ransa ya ɓaci, kwana biyu yana gaishe ta a tsaye. A rana ta uku ya kwashi tambayoyin ya kai wa jagoran tafiyar. Ashe gayyatar gaskiya ce, wani faston Chadi da ya yi karatu a Najeriya ne ya rubuto. Amma batun tafinta ba wanda ya tsaya a kansa, batun damina kuma sai da aka kira faston ya ce shi ma abin ya dame shi, nauyin baƙi ne ya hana shi faɗa. Yanzu ana shawarar ɗage tafiyar zuwa Janairu, bayan an gama girbi. Biyu daga cikin matafiyan sun ce su ba su da hutu a Janairu, don haka maganar ba ta ƙare ba. Yaron bai daina son tafiya ba, ita ma ba ta ce kada ya je ba. Kuɗin adashin dai suna nan inda ta ajiye su.

Ina so in ji daga gare ku, musamman matan fastoci da suka taɓa saukar irin waɗannan baƙi, a Najeriya ko Nijar ko Kamaru ko Chadi. Me suka bari da ya amfane ku bayan sun tafi, me kuma kuka yi shiru a kansa saboda kunya? Ke kuma da ɗanki ko maigidanki ya taɓa yin irin wannan tafiya, ya koma karo na biyu? Ku rubuta a ƙasa, mai saƙon ta ce za ta karanta duka.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A shafa mini kan yara.